Tarihin James Samna, Malami Mai Hannu Ɗaya

Galibi in an ce za a ba da labarin wani babban mutum, hankalinmu ya kan tafi wajen sarakuna da mayaƙa, waɗanda suka ci garuruwa suka kafa dauloli. Mu mutanen ƙasar Daura ba mu rasa irin waɗannan labaru ba, tun daga na Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu. Amma wannan karo muna so mu kawo wa 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu labarin wani mutum wanda sana'arsa irin tamu ce, watau koyarwa. Mutumin ƙasar Amurka ne, sunansa James Batcheller Sumner, amma za mu riƙa ce da shi Samna, don ya fi sauƙi a bakinmu. Ya shekara 9 yana neman abu guda a cikin garin wake, da hannu ɗaya tak. Da ya samu, sai manyan masanan zamaninsa suka ce ba shi ba ne. Sai da aka shekara 20 cif kāna duniya ta taru ta gaishe shi da aiki.

ABIN DA YA KE NEMA

Kafin mu shiga labarin mutumin, ya kamata mu san abin da ya fita farauta. Abin kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu, sunansa kaɗai ne baƙo. Ku dubi mai daddawa. Ta kan dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba a ƙwarya ta rufe da ganye, ta ajiye wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku in ta buɗe, sai ta tarar kalwa ta yi yauƙi, ta ɗauki wari da ɗanɗanon da ba ta da su a da, alhali kuwa tuni aka sauke tukunya daga murhu. Ku dubi kuma farin goro, in an fasa shi aka bar shi ya sha iska, yadda ya kan rine ya yi ja. Ga mai naman tsohon sa da kan naɗe shi da ganyen gwanda don ya yi taushi. Ga mai kunun zaƙi da kan zuba garin busasshen dankali ko tsiron hatsi cikin kunu mai kauri, kunun ya tsinke ya yi zaƙi ba da sukari ba. Ko lomar tuwo ma, in mutum ya daɗe yana taunawa bai haɗiye ba, ya kan ji ta soma zaƙi-zaƙi a bakinsa.

Duk waɗannan aikin wasu abubuwa ne da Allah ya sanya cikin jikin kowane mai rai, mutum ko dabba, tsiro ko ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Masana suna kiransu enzayim. Aikin enzayim shi ne ya gaggauta sauyawar wani abu zuwa wani abu, sauyin da in an bar shi shi kaɗai sai ya ɗauki watanni ko shekaru. Misalinsa kamar dillali ne a kasuwa, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki a rabu, shi kuwa yana nan yadda ya ke, ya juya ya kama wani cinikin. Bambancin kawai, wannan dillali ba ya karɓar la'ada, kuma kowanne da hajar da ya sani. Mai narkar da tuwo ba ya taɓa nama, mai narkar da nama ba ya taɓa mai.

Turawa sun daɗe da lura da haka. Cikin 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fitar da abin da ke mai da gari sukari daga tsiron sha'ir. Wajen 1877 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Kühne ya raɗa sunan enzayim, daga harshen Yunanawa, ma'anarsa abin da ke cikin yisti. A 1894 Emil Fischer ya kwatanta enzayim da abin da ya ke aiki a kai da kwaɗo da ɗan mabuɗinsa. A 1897 kuma Eduard Buchner ya niƙe yisti ya matse ruwansa, ya nuna ruwan nan yana ruɓar da sukari ko da ya ke babu sauran ƙwaya mai rai a ciki. To, amma duk da wannan, ba wanda ya taɓa kama enzayim shi kaɗai ya ce ga shi nan. Ana ganin sawunsa, ba a ga shi kansa ba, ba a kuma san da me aka yi shi ba. Mutane da yawa suna tsammanin ma ba zai kamu ba har abada.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Samna ran 19 ga watan Nuwamba 1887 a wani gari wai shi Canton, kusa da birnin Boston. Gidansu gidan wadata ne, masu masaƙar auduga da gonaki. Tun yana yaro ba abin da ya ke so a makaranta kamar kemistiri, watau ilmin sinadarai da yadda su ke haɗuwa su rabu. In an tashi makaranta kuwa, sai ya ɗauki bindiga ya shiga daji harbin tsuntsaye.

Yana da shekara 17, ran nan sun fita farauta da wani abokinsa, sai bindigar abokin ta tashi bisa kuskure, ta same shi a hannun hagu. Likitoci suka duba suka ga ba yadda za a yi, sai suka yanke hannun wajen gwiwar hannu. Abin da ya daɗa tsananta al'amarin, Samna bahago ne, watau hannun da ya ke rubutu da shi, ya ke cin abinci da shi, shi ne ya tafi. Sai ya koma kamar ɗan yaye, yana koyon riƙe alƙalami da hannun dama. Bai tsaya nan ba, ya tilasta wa kansa kowane irin wasa da masu hannu biyu ke yi, har ya ƙware a wasan tanis, da sulun ƙanƙara, da harbin bindiga ma bai bari ba.

Cikin 1906 ya shiga jami'ar Harvard, ya fita a 1910 da digiri na kemistiri. Ya ɗan taɓa aiki a masaƙar wani baffansa, amma aikin bai kwanta masa a rai ba. Da aka ce ana neman malamin wucin gadi a kwalejin Mount Allison ta ƙasar Kanada, sai ya tafi, nan ne kuwa ya fara ɗanɗana koyarwa. Daga can ya koma wata makarantar fasaha a garin Worcester cikin 1911. A 1912 ya nufi makarantar likitoci ta Harvard, wurin wani shehun malami mai suna Otto Folin, wanda ya yi suna wajen gwajin jini da fitsari, yana so ya karanci kemistirin jikin masu rai.

Folin ya dubi saurayin nan, ya dubi hannun rigarsa da ke reto, sai ya ba shi shawara ya je ya koyi aikin lauya, gama a ganinsa mai hannu ɗaya ba zai iya da kwalabe da ma'aunai ba. Ba don ƙeta ya faɗi haka ba, iyakar abin da ya hango ke nan. Samna ya ƙi bari, ya nace sai da aka karɓe shi. Ba a daɗe ba malamin ya ga yaron yana tsiyaya ruwa, yana awo, yana wanke kwalabe da hannu guda, ba ya ɓarar da kome. A 1914 ya sami digirin dakta.

SHEKARA TARA CIKIN GARIN WAKE

Yana yawon buɗe ido a ƙasar Turai sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, ya maƙale a Suwizalan wajen wata guda. A wannan lokaci ne aka bugo masa waya ana kiransa aikin koyarwa a jami'ar Cornell, a garin Ithaca cikin jihar Niyok. Can ya zauna har ƙarshen ransa, shekara 41.

Aikin koyarwa ya yi masa yawa ƙwarai, kayan aiki kaɗan, kuɗin bincike kaɗan, mataimaki kuwa kusan babu. Sai ya yi shawara a ransa, tun da ɗan lokacin da ya rage masa bai isa a raba shi kan ayyuka barkatai ba, gara ya zuba shi duka kan abu guda mai wuya, wanda in ya samu ya sami babban abu. Saboda haka cikin 1917 ya ƙudura niyyar kama enzayim.

Wanda ya zaɓa sunansa yuriyes. Aikinsa shi ne ya fasa wani sinadari da ke cikin fitsari, wanda a ke kira yuriya, ya mai da shi amoniya da iskar nan da mu ke fitarwa in mun numfasa. Duk wanda ya taɓa ratsa karar shanu ta kasuwar Mai'aduwa, ko ya shiga turken awaki da sassafe, ya shaƙi aikin yuriyes, gama zarnin nan mai hawa kai amoniya ne, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi su ne ke fitar da yuriyes su fasa fitsarin. Dalilin da ya sa Samna ya zaɓe shi biyu ne. Na fari, aikinsa yana da sauƙin awo, sai a ƙidaya yawan amoniyan da ya fito. Na biyu, an riga an gane akwai wani babban farin wake mai dogon kwanso, Turawa na ce da shi waken jak, wanda ke ɗauke da yuriyes mai yawa, ya fi na waken suya nesa ba kusa ba.

Ya kan niƙa waken nan ya jiƙa garin, ya tace, ya zuba wani sinadari don wani abu ya kwanta wani ya tashi, ya auna ya ga ina ƙarfin yuriyes ya bi, ya sake. Ya gwada ruwa, ya gwada giliserin, ya gwada ruwan barasa na ɗakin gwaji. Shekarun farko ko akwatin ƙanƙara babu a ɗakinsa, sai ya jera kwalabe a bakin taga da dare, yana fatan a yi sanyi. Cikin wannan lalube ya tsinci wasu irin furotin na waken, har da wanda a ke kira konkanabalin, a 1919, amma abin da ya ke nema bai fito ba. Abokan aikinsa suka yi ta ba shi shawara ya bari. A 1921 ya sami taimakon kuɗi ya tafi Brussels ta ƙasar Beljiyam don ya yi aiki da Jean Effront, wanda ya rubuta littattafai kan enzayim. Da Effront ya ji abin da ya kawo shi sai ya ɗauke shi wauta, shirin ya watse, Samna ya komo gida ya ci gaba da niƙan wakensa.

Cikin watan Afrilu 1926 ya sake dabara. Maimakon ruwan barasa sai ya ɗauki asiton, wani ruwa mai saurin bushewa, ya sirka shi da ruwa, wajen kashi 32 cikin 100. Ya dama garin waken a ciki, ya tace, ya sa ruwan da ya tsiyaye cikin akwatin ƙanƙara ya kwana. Da gari ya waye ya ɗiga ɗigo guda ƙarƙashin madubin likita, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu sheƙi, kowace da fuska 8, irin waɗanda bai taɓa gani ba. Ya tara su ya narkar a ruwa ya zuba wa yuriya, sai ya ga ƙarfinsu ya fi na garin waken sau ɗaruruwa.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin murna a 'yan ƙwayoyi? Ku tuna yadda gishiri ke yi. In ruwan gishiri ya ƙafe, gishirin ya kan fito ƙwaya-ƙwaya masu kusurwa, domin iri ɗaya ne ke jeruwa bisa iri ɗaya, laka da datti kuwa a bar su gefe. Don haka a wurin masana kemistiri, in abu ya fito da siffa irin wannan, alama ce babba ta cewa an same shi tsantsa. Samna ya gwada ƙwayoyin nan da kowane gwajin da aka sani, suka nuna furotin ne, watau dangin abin da ke cikin farin ƙwai da nama da wake. In an dafa su sai su daskare kamar farin ƙwai, ƙarfinsu ya mutu. Ya buga labarin cikin wata mujallar masana a watan Agusta 1926, ya bayyana abu biyu: enzayim yana kamuwa, kuma furotin ne.

GARDAMA DA MANYA

A zamanin nan Jamus ce uwar kemistiri, babban malaminta kuwa a wannan fanni shi ne Richard Willstätter na birnin Munich, wanda tun 1915 ya sami lambar girma ta Nobel saboda bincikensa kan koren launin ganye. Shi da almajiransa sun yi shekaru suna tace enzayim, har suka sami ruwa mai ƙarfin aiki ƙwarai wanda in an gwada ba a ganin furotin a ciki. Saboda haka suka yanke cewa enzayim wani ɗan ƙaramin abu ne dabam, furotin kuwa jakinsa ne kawai da ya ke hawa. Da labarin Samna ya iso gare su, sai suka ce ai jakin ya kama, mahayin yana maƙale a jikinsa. A 1927 Willstätter ya zo har Cornell ɗin ya yi laccoci, bai sake ra'ayinsa ba.

Yanzu mun san inda gizo ya yi saƙa. Enzayim yana da ƙarfi ƙwarai da gaske, har ɗan abin da bai isa gwajin furotin na wancan zamani ya gani ba, ya isa ya yi aiki a fili. Ruwan Jamusawa akwai furotin a ciki, ma'auninsu ne bai kai ba. Amma a lokacin, wa zai bar maganar shehun malamin Munich ya kama ta wani malamin Ithaca da ba a san shi ba? Har wa yau kuma ba kowane waken jak ke ba da ƙwayoyin ba, gama wani yuriyes ɗinsa kaɗan ne, saboda haka wasu da suka gwada ba su samu ba, shi kansa Samna ya sha wahala kafin ya sake samun irin wake mai kyau.

Bai yi fushi ya zauna ba, bai kuma janye ba. Ya yi ta ƙaro hujja bisa hujja. Ya narkar da ƙwayoyin ya sake fitar da su sau da yawa, ya nuna ƙarfinsu ba ya raguwa, alhali da wani abu ne ke maƙale a jikinsu da ya wanke ya fita. Shi da almajiransa suka zuba musu enzayim masu cin furotin, na tumbi da na gwanda, suka nuna gwargwadon yadda furotin ke narkewa, gwargwadon yadda ƙarfin yuriyes ke ɓacewa. Ashe ganyen gwandan nan na masu dafa nama ya ba da shaida a wannan shari'a.

Taimako ya zo daga wani wuri. A 1930 John Northrop na cibiyar bincike ta Rockefeller a Princeton ya fitar da fefsin, enzayim na tumbi, ƙwaya-ƙwaya, ya tabbatar furotin ne. Shi da Moses Kunitz suka bi da wasu na hanji. A 1935 Wendell Stanley ya yi haka da ƙwayar cutar da ke ɓata ganyen taba. A 1937 Samna kansa, tare da almajirinsa Alexander Dounce, ya fitar da katales daga hantar sa, watau enzayim ɗin da ke sa ruwan nan na wanke miki ya yi kumfa in ya taɓa jini. Cikin shekarar nan ya tafi Uppsala ta ƙasar Suwidin wurin Theodor Svedberg, mai injin da ke auna nauyin ƙwayoyin furotin, aka kuma ba shi lambar Scheele a Stockholm. Daga nan gardama ta mutu. A 1946 aka raba lambar Nobel ta kemistiri biyu, rabi aka ba Samna shi kaɗai, rabi Northrop da Stanley suka raba.

ƘARSHEN RANSA

Girma bai raba shi da aji ba. Tun 1929 ya zama cikakken farfesa, a 1947 kuma aka buɗe masa ɗakin binciken enzayim a Cornell aka ba shi shugabancinsa. Ya rubuta littafin koyarwa a 1927, ya rubuta wani tare da Fred Somers a 1943, sa'an nan shi da Karl Myrbäck na Suwidin suka tattara babban kundi kan enzayim tsakanin 1950 da 1952. Ciwon daji ya kama shi. Cikin watan Mayu 1955 jami'arsa ta yi taro don girmama shi, ya daure ya halarta ya yi jawabi ko da ya ke ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya mutu ran 12 ga watan Agusta 1955 a birnin Buffalo, yana da shekara 67.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Ilmi ba ya tsayawa inda mutum ɗaya ya bar shi. A 1975 wasu masana a ƙasar Ostareliya suka gano cewa cikin yuriyes na waken jak akwai ɗan ƙarfen nan da a ke kira nikel, in babu shi ba aiki. Watau Willstätter bai ɓata gaba ɗaya ba da ya ke zaton akwai wani ɗan abu a ciki, sai dai furotin ɗin ba jaki ba ne, shi ne maƙerin, nikel kuwa guduma ce a hannunsa. A 1995, a Cornell ɗin nan ta Samna, aka zana siffar yuriyes na wata ƙwayar halitta filla-filla. Kafin wannan kuma, cikin shekarun 1980, Thomas Cech da Sidney Altman suka nuna akwai 'yan kaɗan daga masu wannan aiki waɗanda ba furotin ba ne, aka ba su Nobel a 1989. Amma mafi yawan dubban enzayim da aka sani furotin ne, yadda Samna ya ce.

Zanen nan na 1995 ya nuna wani abin mamaki. Furotin kamar carbi ya ke, an jera 'ya'ya iri 20 a tsirkiya guda, sa'an nan carbin ya naɗe ya yi wata siffa. To, a cikin yuriyes, sai an liƙa wa ɗaya daga 'ya'yan nan iskar numfashi kāna ya iya riƙe nikel ɗin guda 2. Wannan shi a ke kira gyaran furotin, watau jiki ya ƙera furotin, sa'an nan ya komo ya datse wani wuri ko ya liƙa wani abu, kamar yadda a kan ɗinka riga kāna a kai ta wurin mai aikin wuya. Fefsin ma a kulle tumbi ke fitar da shi, sai ruwan tsamin ciki ya sa an datse masa wani yanki sa'an nan ya fara cin nama, don kada ya cinye wurin da aka yi shi. A 1955, shekarar da Samna ya mutu, Edmond Fischer da Edwin Krebs suka gano jiki ya kan kunna wani enzayim ko ya kashe shi ta wurin liƙa masa fosfet ko ɓamɓare shi, aka ba su Nobel a 1992. Majemanmu ma gyaran furotin su ke yi tun kaka da kakanni, gama fata furotin ce, ruwan bagaruwa kuwa shi ke kama zaruruwanta ya ɗaure su, har ta zama kirgin da ba ya ruɓewa.

Amfanin wannan ilmi ya iso har ƙofar gidajenmu. Likitoci sun gane, tun aikin Barry Marshall da Robin Warren a shekarun 1980, cewa galibin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma da yuriyes ta ke kāre kanta daga tsamin tumbi, don haka da yuriyes ɗin nan a ke gane tana nan. Manomi kuma abin ya shafe shi kai tsaye. Farin takin zamanin nan da a ke kira yuriya, wanda a ke zuba wa gero da dawa da masara daga Zango har Baure da Sandamu, shi ne dai sinadarin da Samna ke gwaji da shi. Kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, abincin shuka, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. In an watsa shi bisa ƙasa aka bar shi a fili cikin zafi, yuriyes na ƙasa zai fasa shi, amoniya ya bi iska, kuɗin manomi ya tafi tare da shi, balle a jigawa irin tamu wadda ba ta riƙe abu. In kuwa an tona gefen shuka aka zuba aka rufe, ƙasa tana da laima, sai amoniyan ya tsaya inda saiwa za ta same shi.

Mu da za mu fita mu riƙe aji, akwai abu biyu da ya kamata mu ɗauka daga tarihin nan. Na ɗaya, wata rana za a kawo mana yaro gurgu, ko mai hannu ɗaya, ko mai in'ina, zuciya ta raya mana mu zaɓa masa ƙaramar hanya don tausayi. Sai mu tuna Folin masani ne, mai kyakkyawar niyya, amma da an bi shawararsa ta fari da an yi hasara. Mu bar yaro ya gwada tukuna. Na biyu, Samna bai ci gardamarsa da yawan magana ba, da gwaji ya ci, gwajin da kowa zai iya sakewa ya gani da idonsa.

Irin wannan gwaji kuwa ba ya fin ƙarfin makarantar ƙauye. A sami ɗanyen waken suya wanda ba a soya ba, a daka shi lilis, a raba garin biyu. Kashi ɗaya a jiƙa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗayan a tafasa shi sosai a bar shi ya huce. A narkar da cokali guda na takin yuriya a ruwa, a zuba wa kowanne, a ɗiga ruwan zoɓo kaɗan, a rufe a jira. Ba da daɗewa ba wanda ba a dafa ba zai soma zarni, jan zoɓon ya juye ya yi duhu-duhu zuwa kore, kamar an jefa masa kanwa. Wanda aka tafasa kuwa zai zauna yadda ya ke, gama wuta ta daskarar da furotin ɗin. Sa'an nan malam ya tambayi yara dalili, kada ya yi saurin gaya musu.